Ƙasusuwan Baba a Kabad ɗin Gilashi

Sau huɗu ina zuwa Phnom Penh, babban birninmu, a kan maganar nan, sau huɗu ina barin kifina a hannun maƙwabta. Mahaifiyata, Inna Asmah, ita ke tura ni. Ta haura tamanin, ƙafa ta ƙi, amma bakin nan nata lafiyarsa lau. Abu ɗaya take so kafin ta cika: a sa mijinta, wato babana, a ƙasa, a fuskantar da shi alƙibla kamar kowane Musulmi.

Sojojin Khmer Rouge masu mulkin wancan zamani ne suka tafi da shi, shi da mutum sittin da wani abu na ƙauyenmu, mu 'yan ƙabilar Cham Musulmi da maƙwabtanmu 'yan Buddha a haɗe, suka kashe su, suka zuba su a tsohuwar rijiyar bayan gonar mangwaro. Da ƙasa ta lafa mutanen gari suka tono su, suka jera a kabad ɗin gilashi a harabar haikalin 'yan Buddha. Can sai ga masu binciken kotu a farar mota. Suka ɗau hoto, suka yi aune-aune, suka manna takarda mai hatimi a bakin kabad ɗin, wai shaida ce, kada wanda ya taɓa sai an gama shari'a. Yau shekara goma sha shida ke nan.

Shari'a kuwa ta ƙare tuni. Tsohon da ake tuhuma da kisan ya mutu a gadon asibiti, likitoci na kansa, danginsa suka ɗauki gawarsa suka yi masa jana'iza ta kece raini. Shi da ya yi aika-aikar ya samu makwanci, namu suna nan a jere kamar kwanukan sayarwa. Abin nan yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Lauyanmu Vuthy mutumin kirki ne, amma wallahi in za ka yi magana da shi ka tanadi maganin ciwon kai. Ya ce ofishin da ya manna takardar ne kaɗai ke da ikon cire ta. Na ce to mu je ofishin. Ya ce ai an rufe shi bara waccan. Na ce wa ya gaje shi? Ya ce ana nazari. Sai ya miƙo mini ruwan sanyi da wani ƙaton littafi mai hoton alƙalai, wai a ciki an rubuta duk abin da aka yi mana, duniya ta sani.

"Lauya, littafin zan kai wa Inna ta binne?"

Ya yi ta gyara tabarau.

Ina isa gida Inna ta tare ni tun daga matakala, wai ni ce ban iya magana ba, ina zuwa gaban manya sai in yi laƙwas. Ni 'yasu! Ga kotu, ga Inna. Washegari ta sa na ɗora ta a bayan babur muka nufi haikalin, wurin Kaka Chhuon, tsohon da ke share harabar, wanda makullin kabad ɗin ke hannunsa tun ranar farko. Matarsa ma tana cikin kabad ɗin. Shi so yake a ƙona ta yadda addininsu ya tanada, ranta ya samu hanya. Shekara da shekaru suna wannan musu da Inna, ita ta ce ba mai kai mijinta wuta, shi ya ce ba mai turbuɗe masa mata.

Ran nan bai yi musu ba. Ya dubi takardar da rana ta cinye har hatimin ya koɗe, ya ce shi kam ya gaji da gadin takarda. Ya sa farce ya ɓare ta. Haka kawai! Abin da na ƙarar da takalmi ina yi wa zarya. Na ji kamar in shaƙe shi, in dawo in shaƙe kaina.

"Yaya Asmah," in ji shi, "ɗauki naki ki bar mini tawa."

Inna ta shimfiɗa farin ƙyallen da ta zo da shi. Ta ɗauko ƙoƙon kai na farko, ta jujjuya shi, ta mayar. Ta ɗauko na biyu. Ina tsaye rana na dukana, ina ta mita ta yi sauri kafin wani ya gan mu ya kai rahoto. Tana duba haƙora, tana shafa goshi. Da ta kai layi na uku sai ta tsaya. Kaka Chhuon ya matso shi ma ya daɗe yana leƙawa, sai ya koma dakali ya zauna bai ɗauki komai ba.

Inna ta juyo. Tunda nake ban taɓa jin ta yi mini magana a hankali haka ba.

"Rofiah, idona ya mutu. Zo ki duba mini, wanne ne babanki?"

Na matsa na duba, layi bayan layi, don ba ni da bakin ce mata a'a. Wata bakwai gare ni ran da aka tafi da shi.