Ba Kowa a Layi

Ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, na wasu kawai na iya karantawa. Da ina da bakin faɗa, da ban ɓata takarda ba.

Sunana Mu'mina, gidanmu a Limanti yake. A gidan nan ba mai karya kumallo sai ya durƙusa a ƙofar kakata, Kaka Aisa, ya ce mata "Nda watu", wato ina kwana da Kanuri. Mu jikoki Hausa ta cinye mana baki, gaisuwar nan ce kusan abin da ya rage mana, ita kuma ba ta amsa wata. In ka ce mata "ina kwana", sai ta kalli bango ta ce, "Wa ya bar rediyo a kunne?"

Da azumin bara hawan jini ya kayar da ita a banɗaki. Aka dawo da ita daga asibiti da roba a hanci, ido a buɗe, ba magana, ba motsi. Likita ya yi bayaninsa da Turanci, don haka da muka iso gida Mama ta tsare yayana Abdulnasir, mai karatun likita.

"Me ya ce?"

"Mama, mutum ƙwaƙwalwa ne. Tunani, ji, gane mutane, duk aikinta ne. Kin ga waya in injinta ya ƙone? Fitila tana kamawa, amma ba kowa a layi."

"Ran fa?"

"Rai na Allah ne, ban musa ba. Ni abin da ake aunawa aka koya mini."

Yayana ba mugu ba ne. Shi ke juya ta kada bayanta ya yi gyambo, shi ke wanke robar. Amma maganarsa ta samu wurin zama a gidan. Kunun da ake ɗura mata ta hanci, yara suka sa masa suna caji. Manya suka tsawata, daga baya su ma suka ɗauka: "An yi wa Kaka caji?" Gaisuwar safe ta fara raguwa. Ba wanda ya ce a daina. Wa zai durƙusa wa waya?

Maƙwabciyarmu Mama Ginika, mai sayar da atamfa a kasuwa, ita ce ba ta ɗauki maganar ba. Takan leƙo ta ce, "Kaka, ya jiki?" sannan ta harari Abdulnasir.

"Likita rabin kwano, ka shiga cikin kan nata ka duba ba kowa?"

"Mama Ginika, bari in gama, ke zan fara yi wa allura."

Ni kuwa littafinsa na ɗauko, don ba na iya ganin littafi in ƙyale. Na tarar komai yana da suna a ciki, kuma sunayen sun burge ni. Wata safiya ina gaishe ta, yatsunta suka damƙe nawa. Na ruga na kira shi. Ya zo ya duba, ya ce jijiya ce ke zabura, ko jariri aka taɓa wa tafin hannu haka yake yi. Ya buɗe mini shafin. Daga ranar, in ta damƙe ni, shafin nake gani kafin in ga fuskarta.

Sai Kawu Ba'ana ya rasu. Shi ne autanta, direban motar gawayi, kuma motarsa ce ta taka wani abu da aka binne a hanya, ya fashe.

A wurinmu ba a jefa wa uwa irin wannan labari. Dattijo ake samu ya zauna kusa da ita, ya fara da cewa yaron ba shi da lafiya, ya bi da ita a hankali har ta gane da kanta. Masu ta'aziyya kuma wurinta suke fara zuwa. Wannan karon ba a nemi dattijo ba. Mata dai sun cika ɗakinta, amma don nan ne kaɗai fankar sola take, ga zafin rana. Suka zauna sun ba gadonta baya, suna yi wa Mama gaisuwa.

Wata baƙuwa ta tambayi yadda abin ya faru, aka ba ta labari tiryan-tiryan.

"Ai a buhu aka kawo shi. Ƙafa ɗaya ma ba a samu ba."

Ina zaune a ƙarshen gado. Na ga ruwa ya taru a idon Kaka, ya gangaro ya shige kunnenta. Na fita na samu Abdulnasir a zaure.

"Yaya, Kaka tana kuka."

"Iskar fanka ce ke busar da idon, sai ya kawo ruwa. Juya fankar."

Nasa idon jawur yake, a jiƙe. Na so in tambaye shi sunan nasa ruwan a littafi, sai na juya na bar shi a zauren.

In shi ne da gaskiya, ba abin da ya faru. In kuwa tana ciki, to ta ji zancen buhu daga bakin baƙuwa, kuma duk gidan ba wanda ya ce mata ta yi haƙuri.

Da aka kira la'asar matan suka fita alwala. Na shiga na durƙusa sosai, yadda na daɗe ban yi ba. Na ce, "Nda watu," ko da yake yamma ce, don ba ni da wani Kanurin. Sauran da Hausa na faɗa, ko za ta ce rediyo ne.

"Kaka, ni ce Mu'mina. Kawu Ba'ana ya riga mu. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri."

Yatsunta suka damƙe nawa har farcenta ya shiga fatata. Na san sunan abin, na san shafin. Ban san ko akwai wadda ta ji ni ba.

Sai na ji takun silifas a tsakar gida. In suka same ni a haka, za su ce karatu ya taɓa ni. Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ba su so su saki ba, na goge mata kunne da gefen mayafina, na bi ta ƙofar baya kafin su ɗaga labule.