Rijiyar Halvor ta Uku

A tsakiyar hanya na tsaya na ware hannuwa, dole motar ta ja birki. Mista Pruitt, dillalin kamfanin filaye, ya ɗage tabaraun tuƙi ya dube ni. A bayansa baƙi uku ne ya kwaso daga tasha ganin gonaki, maza biyu da wata mata mai farar hula.

"Madam Lunde, lafiya? Saura kaɗan na take ki."

"Ina fa lafiya. Rijiya ta rufta da Halvor. Mun ciro shi, amma haƙarƙarinsa ya karye, jini yake tofarwa. Ka kai shi gari wurin likita."

Halvor Tveit maƙwabcinmu ne, gonarsa na jikin tamu. Shekara uku da suka wuce wannan motar ce ta kawo shi. An zaga da ita kasuwarsu a Dakota ana ta busa ƙaho, shi kuwa bai taɓa hawa mota ba. Aka ɗauko shi zuwa Saskatchewan a watan Yuni, bayan ruwa, ciyawa shar. Pruitt ya ce masa taku ashirin zai haƙa ya tarar da ruwa. Aka zaunar da shi gaban mota, aka ɗora masa damin alkamar wani, aka ɗauki hoto. Har yau wannan hoton ne a bangon takardar tallarsu. Rijiyar da ta danne shi ita ce ta uku, taku sittin, ko laima babu.

Pruitt ya sunkuyo ya rage murya. "Kin ga ina da baƙi. Ƙarfe biyar jirginsu zai tashi."

"Su sauka gidana in dafa musu kofi. Awa biyu ka isa gari. A amalanke sai mu yini."

"Motar kamfani ce, ba ta asibiti ba. Kujerun fata ne."

"Ranar da ka ɗauko shi ba na fata ba ne?"

Mai farar hula ta leƙo. "Me ya faru ne, Mista Pruitt?"

"Ɗan tsautsayi ne, madam. Doki ya harbi wani."

Na zagaya wajenta na riƙe ƙofar. "Ƙarya yake yi miki. Rijiya ce. Babu ruwa a ƙasar nan, mil bakwai muke zuwa da ganga. Ki tambaye shi."

Ɗaya daga cikin mazan ya fara tattara kwat ɗinsa. "Ai mu za mu iya jira..."

Pruitt bai bari ya ƙarasa ba. Ya murza sitiyari, ya kauce mini ta cikin ciyawa, ƙofar ta fizge daga hannuna. Na ɗauki hoge na jefa, bai ko kai rabi ba.

Kafin in koma, mijina Anders ya ɗaura wa shanu amalanke. Muka shimfiɗa ciyawa da bargo muka kwantar da Halvor. Matarsa Borghild ta ɗora kansa a cinyarta. Duk ramin da muka faɗa sai ya cije leɓe.

"Gudrun," ya ce mini, da kyar muryar ke fita, "ya ƙi ko?"

"Ya ƙi."

"Kin zage shi?"

"Ban samu dama ba."

"Kin yi asara. Ke da kika iya."

Ya so ya yi dariya, tari ya kama shi. Da ya lafa sai ya ce wa Borghild kada ta bari kowa ya sake shiga ramin nan, ta sa a cike shi. Ta ce to. Ya ce saniya ba a tatse ta ba tun safe. Ta ce ta sani.

Mun yi mil tara, rana ta ɗan karkata, Borghild ta ce, "Anders, tsaya." Bai tambaye ta dalili ba, ya san Halvor ya cika. Ya cire hula, ya daɗe a zaune, sannan ya juya kan shanun.

Duk hanyar dawowa ko hawaye na kasa. Ina ta jera wa Anders abin da zan faɗa wa Pruitt a gaban jama'a, har ya ce, "Gudrun, bari haka nan, tana ji."

Na waiwaya. Borghild ba ta jin komai. Ta zare fil daga gashinta, ta ɗora hannun Halvor a gwiwarta, tana cire masa laka daga ƙarƙashin farce, yatsa bayan yatsa.