Ƙofar Mai Zaman Banza

Shekara arba'in da ɗaya Baba Sha-Kwana ya yi a kan sitiyarin babbar mota, bai taɓa kai kayan wani rami ba. Sau biyu birki ya tsinke masa a gangare. Sau ɗaya tanki ya kama da wuta yana ciki, ya fito da ƙafafunsa, gashin gira kawai ya bari a can. Waɗanda suka koyi tuƙi tare da shi duk ƙasa ta rufe musu ido. Bai taɓa shiga aji ba, ko bihim bai sani ba, amma in inji ya yi tari sau ɗaya zai gaya maka inda ke masa ciwo. Irin wannan namijin ne wai 'yar robar da ba ta kai kan ɗan yatsa ba za ta raba shi da tuƙi.

Ga yadda abin ya faro. Tun da ya ajiye babbar mota, sai ya koma wa wata ƙaramar tsohuwar mota ruwan toka. Wata bakwai ke nan da rasuwar matarsa, kuma tun a makon da aka share makoki ƙofar gefen mai zaman banza ta fara kuka. In taya ta taɓa ɗan gargada, sai bangon ƙofar na ciki ya kama kar-kar-kar kamar haƙoran mai jin sanyi.

Auta, 'yarsa da ke aikin jinya a can ɗaya ƙarshen gari, ta shiga motar a makon jiya. Ba su yi nisa ba ta dafe kunne.

"Baba, wannan ai ba mota ba ce, gwangwani ce. Ranar Asabar zan dawo. In na sake jin ƙarar nan da makullin zan tafi, kai kuma ka haɗa kayanka ka dawo wurinmu. Ɗakin baya na nan an share."

Ya san ɗakin bayan. Tagarsa katanga take kallo. Ya kuma san ba ƙofa ce ta dami Auta ba, idonsa ne da hannunsa da ya fara rawa. Ƙofar hujja ce kawai. To, shi ba a ba shi hujja ya bar ta a tsaye.

Da hantsin Asabar ya tura motar ƙarƙashin rumfar kwano da ke ƙofar ɗakinsa, ya shimfiɗa tsohon buhu, ya fito da akwatin kayan aiki. Maƙwabta duk sun watse wurin nema. Ba motsin kowa sai famfo da ke ɗiga a bokiti.

Ya kwance sukurun da ke bayan hannun ƙofa, ya kwance biyu na ƙarƙashin madafa, wurin ɗora hannu, ya zuba su a murfin kwalba. Sannan ya zura sukudireba ta ƙasa ya banƙara da ƙarfin da yake banƙare tayar tirela. Sai ji ya yi ƙas, ƙas, ƙas. Bangon ya faɗo masa a cinya yana reto da wata siririyar waya. Ya zare wayar daga ƙugiyarta, ya juya bangon. 'Yan maɓallan roba ne jere a gefe, masu riƙe shi da ƙarfen ƙofa. Huɗu sun daɗe da karyewa, har karayar ta yi baƙi. Uku kuwa karayarsu fara tas. Wannan aikin hannunsa ne na yanzu.

"Aikin banza," ya ce da ƙarfi. "A zamaninmu ƙarfe ke riƙe ƙarfe."

Ya saurara kaɗan, kamar mai jiran a ce masa wani abu daga cikin ɗaki. Famfo ya ɗiga.

Ya zuba karyayyun a aljihu ya taka zuwa layin masu kayan mota. Wani mai shago, mai tumbi da tabarau a goshi, ya gane shi tun daga nesa.

"A'a, Baba Sha-Kwana! Yau kuma a ƙasa? Ina jirgin?"

"Jirgi na hutawa. Ba ni dogayen sukuru guda goma, in huda bangon ƙofa in ɗaure shi har tashin duniya."

"Haba Baba, ka huda ka tarar da gilashi a ciki? Mu ga abin da ya karye." Ya karɓa ya jujjuya a tafin hannu. "Kilif ne. Da me ka ɓalle su?"

"Da hannun da ya tuƙa mota tun ubanka na yawo ba wando."

"Shi ya sa. Ita roba ba ta san girma ba, Baba, lallashi take so." Ya jawo wata leda mai rubutu ya miƙa masa. "Duba lambar nan, in ta yi daidai da..."

Baba Sha-Kwana bai ko kalli rubutun ba. Ya zaro kilif ɗaya, ya haɗa gindinsa da na karyayyen, ya murza su tsakanin yatsu ido a rufe.

"Wannan ya fi kauri. Kawo na kusa da shi."

Mai shagon ya kawo, ya duba lamba, ya yi dariya. "Wallahi shi ne."

"Ku ku karanta takarda, mu mu karanta ƙarfe."

Mai shagon ya haɗa masa guda tara, ya ara masa wani ɗan lebur na roba mai baki biyu na ɓalle su. Baba ya gyara tsayuwa, ya fara ba shi labarin ranar da birki ya tsinke a gangare da buhun siminti ɗari shida a baya. Bai kai ga kwana ta biyu ba waya ta yi ƙara, mai shagon ya ɗaga masa hannu ya juya baya. Baba ya ɗan tsaya. Sannan ya kama hanya, ya ƙarasa labarin a ransa.

A gida ya bi ramukan ƙofar ɗaya bayan ɗaya da filaya, yana zaro guntayen da suka maƙale. Ya kifa bangon a kan buhu, ya zura sababbin kilif bakwai a mazauninsu, biyu suka rage. Da ya juyo da shi don ya goge ƙura, rana ta faɗo a kan fuskar bangon, sai ya ga wani abu da bai taɓa lura da shi ba. Ƙasa da madafa kaɗan akwai wani ɗan lotsawa mai faɗin tafin hannu, wurin ya yi sumul har yana sheƙi.

Ya daɗe yana kallo. Ya jingina bangon a ƙofa, ya zagaya ya zauna a kujerar da bai taɓa zama a kai ba tun da ya sayi motar. Gwiwarsa ta faɗa cikin lotsawar kamar an gwada.

Ashe kilif huɗun nan sun yi shekaru a karye. Ashe duk sanda ya bugi sitiyari yana ce wa matarsa, "Ji mota, tsohuwa, ko allura ta faɗi sai kin ji," ita gwiwarta na danne da ƙofa. Takan ce, "Ai kuwa, malam," ta ci gaba da kallon titi.

Ya zauna a nan har inuwar rumfa ta matsa daga kan bonet. Da ya farga la'asar ta kawo jiki, sai ya miƙe da gaggawa. Ya rataya bangon daga sama a bakin gilashi, ya daidaita kowane kilif da raminsa, ya bi su da dunƙulen hannu a hankali. Tap, tap, tap, kowanne ya shige. Ya mayar da sukuru. Ya girgiza ƙofar da hannu biyu, ko uffan ba ta ce ba.

Auta ta sauko daga tasi da kayan aiki a jikinta, ta durƙusa ta gaishe shi a gurguje tana duba agogo.

"Shiga, likita," ya ce. "Yau za ki ji abin da ake kira mota."

Da gangan ya bi da ita titin bayan kasuwa, wanda ramukansa suka fi kwaltarsa yawa. Ya faɗa wannan, ya hau wancan. Shiru. Auta ta kasa kunne, har ta kai hannu ta taɓa bangon.

"Wa ya gyara maka?"

"Wa kuwa? Akwai wanda ya isa ya taɓa motata ina numfashi?"

Suka dawo ƙarƙashin rumfa, ya kashe inji yana murmushi. Auta ta ja hannun ƙofa. Hannun ya taho fayau, ƙofa ba ta buɗe ba. Ta sake ja.

Nan take ya tuna siririyar wayar. Tana can ciki tana reto, bai mayar da ita ƙugiyarta ba.

"Baba, ka kulle ni."

"Zauna. Manya ai buɗe musu ake yi."

Ya fito. Gwiwa ta riƙe, ya dafa bonet, ya zagaya a hankali yana jin idonta a kansa ta gilashi, tun daga wannan fitila har waccan. Ya buɗe mata daga waje. Ta fito ta tsaya tana kallon makullin da ke hannunsa, shi kuma ya damƙe shi har ƙarfen ya shiga tsoka.

"Ƙara kika ce," ya ce. "Kin ji ƙara?"

"Ban ji ba."

"To."

Ta sauke numfashi, ta gyara jakarta a kafaɗa. "Riƙe abinka, Baba. Amma ka gyara hannun nan, kada ka ɗauki wani ka rufe shi a ciki."

"Wa zan ɗauka?"

Ta ce aiki na jiranta. Ya ce bari ya kai ta, ga mota. Ta ce a'a, ya huta, ga tasi can ma ta tsaya.

"Yaushe za ki zo ki duba hannun?"

"Zan kira ka, Baba."

Ya tsaya a bakin titi har tasin ta sha kwana. Ya ci nasara, kamar yadda ya saba. Ya sa makullin a aljihun gaba ya danna maɓalli a kai, ya koma ƙarƙashin rumfa ya sake shimfiɗa buhu. Sukuru uku suka koma murfin kwalba. Ya ɗauko ɗan lebur na roba, ya zura ta ƙasa, ya fara ɓalle kilif ɗin ɗaya bayan ɗaya, a hankali ƙwarai, don biyu kacal suka rage masa, kuma babu inda za shi.