Ranar da Aka Miƙar da Keken Maitama

A shekarar 1981, gidan Malam Maitama na Gozaki ba ya rasa dawa, ba ya rasa auduga. Yana da shanun huɗa biyu da tsohon keke, da ɗiya guda, Shafa'atu, mai shekara goma sha biyu. Abin da gidan ya rasa shi ne wanda zai ce wa Maitama ya yi kuskure ya kuma ji. An san shi da kunyoyin gona miƙaƙƙu sambal, don haka ya ɗauka duk abin da ya lanƙwashe a duniya jiransa yake ya gyara.

Ranar Asabar Shafa'atu za ta rubuta jarrabawar shiga sakandare a Kafur. Ranar ce kuma Maitama zai kai auduga awo, saboda haka ita kaɗai za ta tafi a keke. Gajerar hanyar tana bi ta wani kwazazzabo mai duwatsu, kuma duk wanda ya makara an rufe ƙofa.

Suka kai keken wurin Lamidi, Bayarabe mai gyaran keke a kasuwar Kafur. Ya sauke mata sirdi, ya ɗaure birki. Sai idon Maitama ya faɗa kan fok, ƙarfen nan mai rassa biyu da ke riƙe da tayar gaba.

"Lamidi, ba ka ga ya lanƙwashe gaba ba?"

"Haka aka ƙera shi, Malam. Shi ke tura tayar gaba nesa da mai tuƙi."

"Wato Bature ya yi aikin ganganci, kai kuma kana kare shi."

"Ni dai shekara ashirin nake gyaran keke. Kai kuma na ji an ce ka iya huɗa."

Washegari Maitama ya kai keken wurin Sanda maƙeri. Sanda bai taɓa hawa keke ba, don haka bai yi gardama ba. Ya sa fok a wuta, ya doke shi har ya miƙe tsaye kamar sanda. Tayar gaba ta dawo kusa da feda.

"To, yanzu ya zama keke," in ji Maitama. "Shafa'atu, hau ki gwada."

A kan hanya mai laushi babu laifi, sai dai yatsan ƙafarta na gogar taya in ta karya kwana. Da ta fara gangara kwazazzabon, ta ji kamar babu komai a gabanta, tayar ta shige ƙarƙashinta. Dutse na farko da ta taka, gindin keken ya tashi, Shafa'atu ta wuce ta saman kan keken ta sauka a yashi. Ta fara duba hannun damanta. Ya kuje, amma yana iya riƙe biro.

"Kin cika gaggawa," in ji Maitama.

"Baba, ai ban ma taka feda ba."

Ranar Juma'a ita da kanta ta tura keken zuwa Kafur. Lamidi ya dube shi ya jinjina kai.

"Madalla. Gaya wa babanki kunyar ta yi kyau, saura shuka."

Ya ɗauko wani tsohon fok mai lanƙwasa ya sa, sannan ya ce, "In za ki gangara, ja jikinki baya, ki bar tayar ta riga ki ganin dutse."

Da safiyar Asabar ta gangara kwazazzabon a hankali. Tayar na can gaba tana hawa duwatsu ɗaya bayan ɗaya, keken bai yi ko gezau ba. Ta isa Kafur ana kiran sunaye.

Da yamma Maitama ya daɗe yana kallon fok ɗin, ya ce lallai Lamidi ya sake ɓata shi. Shafa'atu ta jingine keken a bango. Ta riga ta gane cewa lanƙwasar nan ce ta hana ta faɗuwa.