Haƙorin Dalala

Tun da ɗana ya fara zama nake laluben bakinsa. In wanke yatsa, in cusa, in bi dasashi sama da ƙasa, ko zan ji wani ɗan tsini. Babu komai sai yawu. Yawun ne ma ya sa babansa ya laƙaba masa Dalala, sunan kuma ya bi shi.

Mura ce ta sa mu gaba. Wannan ta tafi, kafin in gama wanke tsummokaran goge majina wata ta yi sallama. Hanci ya toshe, ya kama nono ya saki, ya tsala kuka, ni ma in ji kamar in taya shi. Maƙwabta kuwa kowa ya zama likita: haƙori ne, haƙori ne. Ni ma haka nake faɗa, har na fi su ɗaga murya, domin ina da dalili.

Dalilin shi ne surukata, wadda ta zo ganin jika. Ba muguwa ba ce, amma in ta yanke magana ta yanku. Ta ɗora Dalala a cinya, ta buɗe bakinsa, ta leƙa, ta girgiza kai.

"In haƙori ne, babu mai laifi, kowane yaro sai ya yi," in ji ta. "In ba shi ba ne, to gidan renon nan ne da kike kai shi. Sai ki ajiye aikin ki riƙe ɗanki."

Na dubi mijina. Ya sunkuyar da kai yana ta goge waya da bakin riga, wayar da ko ƙura babu a jikinta. "Ki kai shi asibiti mu ji," abin da ya iya cewa ke nan. Wallahi ji na yi kamar in jefe shi da murfin tukunya.

A shagon tabarau nake aiki. Ni ke ɗaure ƙananan kusoshin nan da sai ka riƙe numfashi, ni ke ɗumama hannun tabarau in lanƙwasa shi har ya zauna daidai a bayan kunne. Ina son ganin dattijo ya saka sabon gilashi, ya dubi titi, ya yi dariya shi kaɗai. Ina son aikina, kuma ina tsoron rasa shi. Washegari kusa sai suɓuce mini take yi, ina ta rarrafe a ƙarƙashin kantar shagon ina nema, har mai shagon ya ce in je in ɗauko yaron in kai shi asibiti, kafin in ƙarar masa da kaya.

A asibiti na kasa zama a benci. In je bakin ƙofa, in dawo, in jijjiga Dalala, in sake cusa yatsa a bakinsa, kamar haƙorin zai ji tausayina ya fito kafin layi ya zo kanmu.

Nas ɗin ta auna zafin jikinsa, ta saurari ƙirjinsa, ta leƙa kunne. Shi kuwa ya cafke igiyar abin sauraron ya kai baki.

"Kin gani?" ta ce tana zarewa. "Dasashi na ƙaiƙayi, duk abin da ya samu sai baki. Abin wasan da wani yaro mai mura ya tsotsa, shi ma ya tsotsa. Ga shi kuma kariyar da ya fito da ita daga cikinki ta fara raguwa, yanzu yake gina tasa."

"Sista, wato dai haƙorin ne ke kawo murar?"

"Haƙori ba ya kawo mura. Tare dai suke zuwa. Inda yara suka taru kuwa, an fi ɗauka."

"Ba za ki ce haƙori ne ba, ko yaya?"

Ta dube ni ta saman tabaranta, wanda ma ya karkace, hannuna har ƙaiƙayi yake in gyara. "Ƙirjinsa lafiya lau. A riƙa wanke hannu, a wanke abin da yake tauna. In ya yi zazzaɓi ko numfashi ya yi sauri, ki dawo da shi nan take. Sauran kuma haƙuri ne."

Ina fitowa bakin titi waya ta yi ƙara. Motoci na hon, wani mai walda na ta yankan ƙarfe a bayana.

"Me suka ce?" in ji mijina. "Ga Mama nan, na buɗe murya tana ji."

Na ƙara manna wayar a kunne. "Ta ce ƙirjinsa lafiya. Ta ce haƙuri..."

"Haƙori! Mama, kin ji ko? Haƙori ne."

"To, shi ke nan," na jiyo muryar surukata. "Allah ya fito da shi lafiya." Ya kashe wayar.

Na tsaya da waya a hannu. Abin da nake roƙo ya faɗo mini, amma daɗin ya ƙi shiga. A gida na share ɗakin da na riga na share, na ninke kayan da ke ninke. Surukata ta miƙo mini ruwa tana mini sannu, na kasa haɗa ido da ita.

Da yamma na sami mijina a kicin yana wanke robar da Dalala ke tauna. Na turo ƙofa.

"Baban Dalala, ba haƙori na ce ba."

"Na sani." Bai ko juyo ba. "Ni da nake gyaran firiji, nake gane ciwonsa daga gurnaninsa, zan kasa raba haƙuri da haƙori?"

"To me ya sa?"

"Gobe ki wuce shago, ni zan kai shi gidan reno, in roƙe su su riƙa wanke kayan wasan. In Mama ta gano, ni na yi kuskuren ji. Ke gaskiya kika faɗa."

"Murar fa? In ta dawo?"

"Za ta dawo," ya ce, ya miƙo mini robar tana ɗigar ruwa. "Haƙurin da nas ta ce, ai ba ke kaɗai za ki yi shi ba."