Wasiƙar Ranar Lahadi

Har ya tsufa, in aka yabi Adriaan Wisse kan binciken da ya yi a shekarar 1887, sai ya sosa ƙeya ya ce a bar zancen. Shi kaɗai ne ɗan sanda a ƙauyensu na bakin teku a lardin Zeeland, aikinsa bai wuce raba faɗan maƙwabta kan kaji ba. Kwatsam ran Alhamis aka sace Leunis Poppe mai sayar da cuku, amininsa tun ƙuruciya, abokin dararsa na kowace yamma.

Kwana uku Adriaan yana zirga-zirga da littafi a hannu, yana auna sawun takalmin katako a garin da kowa takalmin katako yake sawa. Abin da yake jira ɗaya ne, wasiƙar fansa. Ta kuwa zo, an turo ta ƙarƙashin ƙofarsa, amma da safiyar Lahadi.

To mu mutanen nan, ran Lahadi ko allura ba ma ɗagawa, balle buɗe wasiƙa ko taɓa kuɗi. Adriaan ya san ko ta mece ce. Duk da haka ya ɗora ta kan tebur, ya danne da Littafi Mai Tsarki, ya tafi coci sau biyu. Shi da bakinsa ya ce ranar har wani daɗi yake ji, wai ga mai tsoron Allah.

Litinin da sassafe ya farke ta. An ce a kawo kuɗi gilda ɗari shida tsohuwar rumfar madatsar ruwa kafin faɗuwar ranar Lahadi, in ba haka ba a nemi Leunis a teku.

Ya zubar da takalman ya zura da gudu cikin safa, yana kuka kamar yaro. Ya tarar da Leunis ɗaure a jikin gungume, ruwa ya jiƙa shi har ƙugu, amma da ransa. Ashe ɓarayin matuƙan jirgi ne baƙi. Sun yi jira har suka gaji, suka yi ta gardamar wanda zai tura shi ruwa, ƙarshe suka ce ba su taɓa ganin mutumin da ba a so a garinsu irinsa ba, suka bi jirginsu.

Adriaan na kwance igiya, Leunis ya tambaye shi yaushe wasiƙar ta iso.

"Jiya da safe."

"Ba ka buɗe ba."

"Lahadi ce, mutumina."

Leunis ya dubi ƙafafun Adriaan da ke cikin safa. "Ka yi daidai," in ji shi. "Ni ma da hakan zan yi."

A rahoton da ya aika Middelburg, babban birnin lardin, Adriaan ya rubuta cewa ya gano ɓarayin baƙi ne, tunda ɗan gari ba zai tsayar da ranar Lahadi ba. Aka aiko masa da takardar yabo, fasto kuma ya buga misali da shi a kan mumbari.

Leunis ya ci gaba da gaishe shi da ladabi duk inda suka haɗu, har cuku yakan aiko masa lokacin Kirsimeti. Amma shekara ashirin da shida Adriaan na jera 'ya'yan dara a kan tebur duk yamma, Leunis bai sake zuwa ba.