Kwali Uku a Teburin Likita

"Zazzage su duka a nan," in ji nas ɗin, wata 'yar Jos mai saurin baki. Inno ta kife ledar a kan teburin likita, magungunan mijinta suka watse. Ina tsaye a bayanta riƙe da fulas ɗin kunu, sai idona ya faɗa kan koren kwalin nan. Nawa ne, ni na saya na kai masa da hannuna.

Mijin nata, Malam Balarabe, yana kwance a gadon gefe, idanunsa sun koma kamar gwaiduwar ƙwai. Shekara tara ƙofata tana kallon tasu a gidan hayarmu na Agege. Dako yake yi a kasuwar Mile 12, yana sauke kwandunan tumatir daga motocin Arewa. Tunda nake da bawan Allahn nan ban taɓa jin ya ce wa mutum a'a ba. Ko tuwon jiya ka miƙa masa, da hannu biyu zai karɓa, ya yi ta godiya har ka ji kunya.

A azumin shekarar dubu biyu abin ya faru. Wata biyar ke nan yana shan maganin tarin fuka na asibiti, saura masa sati uku ya gama. Tarin ya lafa, har ya koma kasuwa, sai ciwon baya ya kwantar da shi. To kun san mu da dubiya, ba ma zuwa hannu rabbana. Iya Shitu mai abinci ta kawo masa jan kwali daga kemis. "Pele, sannu Baba, biyu-biyu za ka sha, gobe ka tashi." Abdulganiyu ɗan acaɓa ya kawo nasa na mura da ciwon jiki, wai na waje ne. Ni kuma, uwar iya-yi, na sayo koren a cikin danfo, bas ɗin haya, wurin wani mai talla da ya rantse yana tayar da gurgu.

Da yake bakinsa da azumi, sai ya riƙa tara na yini guda ya haɗiye da buɗa-baki, ya ƙara da sahur. Ran nan na leƙa bayan magariba, na tarar yanzun nan ya gama shan na mutum biyun, kofin silba yana hannun Inno.

"Au, Malam, na su Iya Shitu kaɗai ka yarda da shi ke nan? Nawa ko ɓarewa ba ka yi ba."

"Haba Mariamu, wane ni," ya ce yana dariya. Ya ɓallo biyu ya watsa a baki a gabana, ni kuwa na koma ɗaki raina fes. Daga ranar bai ƙara tsallake nawa ba.

Kwana shida ana haka ya fara amai, idon ya rine. Muka ce shawara ce, mai shawara kuma ai ba a yi masa allura, muka dafa masa saiwa. Kwana biyu muka ƙara ɓatawa a kan wannan wautar, sai da ya fara kiran Inno da sunan ƙanwarsa sannan muka nemi mota.

Likitan, wani Bayarabe mai furfura, ya juya kwalayen ukun ɗaya bayan ɗaya, yana ɗora yatsa a kan ƙananan rubutun bayansu. Ya yi magana da Turanci, nas ta fassara.

"Sunan ne ya bambanta, amma abin da ke ciki ɗaya ne, farasitamol. Duk maganin da mutum ya haɗiya, hanta ce take sarrafa shi, ta sauya shi yadda zai fita daga jiki. Wurin sauya wannan, akwai ɗan dafi da yake fitowa. Hanta tana da abin kashe shi, amma ba shi da yawa, yana ƙarewa, balle ga wanda yake yini da yunwa. Ga maganin tari ya riga ya ɗora mata aiki. Ku kuma kuka ninka mata sau uku."

"Ba makari?" Inno ta tambaya.

"Akwai, Mama. Amma da wuri yake aiki. Kun daɗe a gida."

Likita ya cire tabarau, ya dube mu da ɓacin rai. Wannan ba sai an fassara mini ba, tambaya yake yi wa ya ba shi. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma aka riga ni.

"Ni na saya."

Daga gado muryar ta fito, a shaƙe. Tun safe Malam yake ta sambatu, amma wannan karon tar ya kalli likita.

"Duka ukun ni na saya da kaina. Kada a kama sunan kowa."

Bayan kwana biyu ya cika, da la'asar, saura kwana huɗu Sallah. Makabartar Agege aka kai shi. 'Yan dakon Mile 12 sun cika layinmu, wasu da gammo a hammata. Iya Shitu ta dafa shinkafar sadaka tana kuka, tana cewa an yi duk abin da za a yi. Ba ta je asibiti ba, ba ta ji abin da na ji ba.

Ranar da Inno ta fita takaba, tana ɗaure kaya za ta koma Funtua da 'yarta Ummi, na shiga na durƙusa a bakin ƙofa. Na kasa ci gaba da haɗiye abin.

"Inno, ki yafe mini. Koren nan ni na kawo. Ni na matsa masa."

Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da ƙulle bakin buhu.

"Na sani, Mariamu," ta ce. "Ai ni nake miƙa masa ruwan."

Da motarsu ta tashi na koma in share ɗakin kafin mai gida ya zuba wasu. Ba ta bar ko tsinke ba, sai kofin silbar nan, a kife a kan taga.